Goggo Treasa da Tulun Tsalarta

Kullum da safe, kafin jiragen kamun kifi su bar gaɓa, Goggo Treasa Conneely ta riga ta tatse saniyarta, ta kaɗa nono, ta ware tsala a tulu. Sai ta dafa baƙin shayi tukunya guda, ba don sha ba, ta tura shi inuwa ya huce. Daga nan ta leƙa sama. In ta ga gajimare shara-shara da iska mai daɗi daga teku, sai ta ce, "Yau ina da baƙi."

Ba ta cika yin kuskure ba. Mu Turawan Connemara ruwan sama muka sani. Ranar da rana ta leƙo, hankalinmu tafiya yake yi: kowa ya tuɓe riga, iskar teku ta yi ta rarrashinsa, sai la'asar ya tarar da bayansa ya yi jawur kamar dafaffiyar ƙaguwa. Shekara hamsin ke nan duk wanda rana ta ƙona ƙofarta yake nufa.

Bara, saura kwana uku bikin ƙawata Sorcha, mahaifinta Máirtín ya tafi fadama yankan tubalin baƙar ƙasar da muke busarwa mu hura wuta. Wuni ya yi ba riga. Ƙanwarsa Nuala ta yi masa abin da kakanninmu suke yi, ta lafta masa man shanu. Kafin su iso gidan Goggo, ko iska ce ta taɓa shi sai ya cije leɓe.

"Nuala, soya shi za ki yi?" in ji Goggo. "To ai kin manta albasa!"

"Haka uwarmu take yi mana."

"Allah ya ji ƙan uwarku, amma man shanu tsare zafin yake yi a cikin fata. Kai kuma, tsohon banza, shekara sittin ba ka san rana ba?"

"Ina zan san ta, Treasa? Sau nawa ta taɓa zuwa garin nan?"

Sorcha, da ta rako su, ta ce mini kowa ya yi dariya, ban da ita, don ta san abin da ke ran mahaifinta. Kafin mahaifiyarta ta rasu, da hannunta ta saƙa masa rigar ulu mai kauri, ta ce, "A cikinta za ka raka 'yarmu gaban coci, tun da ni ba zan je ba." Ulu kuwa a kan wannan baya, ai garwashi ne.

Máirtín ya yi ƙasa da murya. "Zan iya sa ta ranar Asabar?"

Goggo ta matso kusa da shi. Ta taɓa goshinsa, ta duba bayan tsaf. "Da na ga bororo ya yi yawa, ko zazzaɓi, da yanzu kana hanyar asibiti, ko bikin wa ake yi. Ban gani ba. Kwanta."

Ta wanke man da shayin nan mai sanyi, a hankali, kamar mai wankan jariri. Ta jiƙa ƙyallen auduga a tsala ta shimfiɗa, in ya ɗumama ta canza, tana ɗura masa ruwa kofi bayan kofi. Kwana biyu yana zuwa safe da yamma. Tsakanin zuwansa kuma ta sa aka kawo mata rigar, ta zauna da allura, ta yanka tsohon zanen gadonta da wanki ya lausasa, ta yi wa rigar shafi daga ciki. Babu wanda ya roƙe ta.

Na karanta labaran soyayya har idona ya gaji, amma babu wanda ya sa ni kuka kamar Asabar ɗin nan. Máirtín ya shigo coci cikin rigar da matarsa ta saƙa masa, hancinsa na saɓa, yana tafiya a miƙe kamar sanda. A gaba Sorcha ta manta, ta rungume shi da ƙarfi. Muka ga ya runtse ido. Amma bai sake ta ba.

Goggo, ke ce inuwar da ba ta tambayar sunan mai fakewa. Ke ce kika san iyakar saninki, shi ya sa muka yarda da ke. Yanzu yatsunki sun ƙi lanƙwasuwa, an ce ƙarshen wata za ki koma wurin 'yarki a birni. Mun gode, da bakin waɗanda suka faɗa da na waɗanda kunya ta hana.

Ku kuma 'yan garinmu, saura mako uku. Kada ku kai mata furanni kawai. Ku je ku zauna, ku miƙa hannuwanku ta koya musu, tun tana nan tana iya cewa, "Ba haka ba, sakarai, a hankali."