Agya Darkwa da Gilasansa Uku

Kafin rana ta leƙo ta saman dogayen bishiyoyin Ntiakrom, Agya Darkwa ya riga ya shige gonakin koko. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Yakan rataya kyamara a wuya, ya jefa wani tsohon gwangwanin madara cikin jaka, ya bi siririyar hanyar da ta ratsa bayan coci. A wannan sa'a ƙasa na fitar da tururi, ganye na ɗigar da raɓa, ƙwari kuma sanyi bai sake su ba, sai su tsaya cak a ɗauke su hoto. Zai durƙusa gindin bishiya, ya kai idon kyamara daf da ganye, ya ɗauke numfashi. Matan da ke wucewa rafi sukan ce, "Agya, yau kuma wa ake gaisarwa?"

Ba ya ɗagowa. Sai ya ce, "Surukaina ne. Ku taka a hankali, barci suke."

Abin da ke ciyar da shi hoton jana'iza ne da na fasfo da na 'yan makaranta, a ɗan shagonsa na bakin tasha. Amma aikin da ya sa ake jinjina masa yau ba wanda ya taɓa biyansa a kansa. Manomi zai kawo ganye ko ƙwallon koko da ya ga ya sauya kama. Agya zai ɗauki hoton abin da ido ba ya gani, ya girmama shi, ya manna a allon rumfar awon koko. A allon nan da yawa suka fara ganin fuskar farin ƙwaron da ke shanye musu bishiyoyi, da tururuwar da ke kiwonsa kamar makiyayi da shanu.

Cikin gwangwanin nan abubuwa uku ne, kowanne a naɗe da ƙyallen tsohon zanen matarsa. Ana ɗaura su ne a kyamara don a kusanto da ƙanƙanin abu, kuma kowanne ya raɗa masa suna.

Na farko Mai Mafarki. Gilashi ne guda, mara nauyi, wanda ya saya a Kumasi tun yana saurayi. Tsakiyar hotonsa tar take fitowa, amma gefe-gefe sai komai ya narke, launuka su rabu, ja ya zame gefe ɗaya, shuɗi ya zame ɗaya gefen. Idan ya ɗauki ɗigon raɓa da shi, sai ka ga kamar wata duniya ce rataye a bakin ganye, bakan gizo ya yi mata zobe. Agya yakan ce, "Wannan ba ya son ya ɓata wa kowa rai, shi ya sa yake ƙari a magana."

Na biyu Bututu. Zobe ne kawai, babu gilashi a cikinsa, ana sa shi tsakanin kyamara da idonta. Tun da ba shi da gilashi, ba ya ƙara komai. Sai dai yana cin haske, ƙarƙashin koko kuwa inuwa ce ko da tsakar rana, ga shi sai ka matsa har ƙwaron ya ji numfashinka ya gudu. "Mai gaskiya ne," in ji Agya, "amma sai ka yi ta lallashinsa."

Na uku Alƙali. Gilashi biyu ne aka manne wuri ɗaya, mai nauyi a tafin hannu, ɗaya yana gyara kuskuren ɗaya. Hotonsa ba shi da ado. Kore kore ne, ja ja ne, daga tsakiya har baki.

Kai ne ka koya mana, Agya, cewa kafin a yarda da abin da aka gani, a fara tambayar da me aka gani.

Shekara huɗu da suka wuce, cutar kumburin reshe ta zagayo yankinmu. Kowa ya san alamarta ta farko, ja ne yake bin jijiyoyin sabon ganye. Kowa kuma ya san maganinta: babu, sai injin yanka. A sare bishiyar, a sare maƙwabtanta. Gonakin da aka tabbatar sun kamu an riga an share su an ƙone, har mutane sun fara sakin jiki.

Sai ga sabon malamin gona, Ofisa Tandoh, mutum mai himma, da waya a hannu da wani ɗan gilashi da yake maƙala mata. Ya shiga gonar Maame Afrakoma, tsohuwar da ita da marigayin mijinta suka dasa kowace bishiya da hannunsu. Ya ɗauki hotuna, ya ga ja na bin jijiyoyi, ya aika ofis. Ranar Talata aka shafa wa bishiyoyinta jan fenti, aka ce Juma'a masu inji za su zo.

Ranar Laraba Maame ta zo rumfar awo da ganye naɗe a bakin zani. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Darkwa, ɗana, duba mini. In an sare a dasa sababbi, shekara nawa kafin su haihu? Ni dai ba da ni za a ci ba."

Agya ya shimfiɗa ganyen a kan buhu, ya ɗauka da Alƙali, ya ɗauka da Bututu. Kore shar. Ya ɗaura Mai Mafarki ya sake ɗauka, sai ga ja siriri a gefen jijiya. Ya aika aka kirawo Ofisa Tandoh.

"Ofisa, ara mini wayarka da ɗan gilashin nan. Tsaya haka, kada ka motsa."

Ya kai wayar daf da fuskar malamin, ya ɗauka, ya juya wa jama'a. Kowane silin gashin baki ja na bin gefensa ɗaya, shuɗi na bin ɗayan.

"Wayyo, Ofisa, kai ma ka kamu! A kawo fenti!"

Rumfa ta kece da dariya. Wani ya ce a sare shi tun daga gindi, kada ya shafa wa matarsa. Ofisa Tandoh bai yi dariya ba, kuma abin da ya faɗa ba shirme ba ne.

"Agya, na ji, gilashina yana ƙara ja. To wa ya ce naka ba ya ɓoye ja? Gilashin da duk abin da aka nuna masa sai ya ce lafiya lau, ai likitan mayaudara ne. Nuna mini ya ga cutar a ganyen da ke da ita da gaske, in tsayar da inji. In ba haka ba, Juma'a tana nan."

Wani dattijo ya ce, "Ina za a samo ganye mai cuta, bayan duk an ƙone su?"

 Agya Darkwa ya naɗe gilasansa, ya rufe gwangwani. 

Shi ya san inda za a samo. Wata uku kafin wannan rana, a kusurwar gonarsa ta bakin rafi, gonar da ya gada daga kawunsa Wofa Bediako, Alƙali ya nuna masa ja na bin jijiya ta gefe biyu kamar gashin tsuntsu. Ya sake ɗauka har sau tara, ko za ta sauya. Ba ta sauya ba. Bai faɗa wa kowa ba. Kullum da safe yakan bi ta can ya tsinke sababbin ganyen ya binne, yana ce wa kansa ƙila ƙarancin taki ne, ƙila damina za ta wanke.

Alhamis ba a shiga gona, ranar hutun ƙasa ce. Ya wuni a tsakar gida, gwangwani a cinya. Matarsa Pomaa na juya sakwara a turmi, ta sallami mai kirɓa mata, ta dube shi.

"Mai gida, wata uku kana haɗiyar abincina kamar tsakuwa. Ko mace ce, faɗa mini, in san da wa zan yi."

Ya faɗa mata. Ta daɗe tana goge hannu da zani.

"Gonar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Ajiya ce. 'Ya'yan 'yar'uwarka ke jiranta, kamar yadda ka jira ta kawunka. Me za ka ce musu?"

"Abin da nake ta tambayar kaina ke nan. In na yi shiru ba wanda zai ce na yi ƙarya. Ban shafa fenti ba, ban riƙe inji ba."

"To yi shirun mana."

"Gobe kuma in wuce ta gonar Maame in ga an share ta, sai sarari?"

Pomaa ta tura masa kwano. "Ci. Ni ban auri mai wayo ba, na daɗe da sani. Amma ka je gidan yayarka yanzu, daga bakinka za ta ji, ba a rumfa ba."

Ya je. Abin da suka tattauna ya tsaya tsakaninsu.

Juma'a da sassafe masu inji huɗu suka iso bakin gonar Maame Afrakoma, Ofisa Tandoh a gaba. Suka tarar da Agya zaune kan kututture, tsohuwar tsaye a gefensa.

"Ofisa, ka ce in nuna maka. Ku biyo ni."

Suka bi shi cikin raɓa, suka haye rafi ta kan gungume. Ya tsaya gindin wata bishiya, ya tsinko sabon ganye, ya kife wani kwano, ya jera shi a kai da na Maame. Ya ɗaura Alƙali, ya ɗauke numfashi, ya danna. A hoto ɗaya, da gilashi ɗaya, ganye biyu: ɗaya kore tas, ɗaya ja ya rungume jijiyarsa hagu da dama, babu shuɗi ko kaɗan.

Ofisa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Gonar wa ce wannan?"

"Ta kawuna."

"Yaushe ka gani, Agya?"

Da ya ce jiya, da ba mai ƙaryata shi. Ya ce, "Wata uku ke nan."

Maame Afrakoma ta ɗora hannu a ka. "Darkwa! Ni ban ce ka yanka kanka don ni ba!"

"Maame, ai tuni gonar ta yanku. Ni ne na ƙi dubawa."

Ofisa ya tsayar da aiki, ya aika ganyayen biyu gwaji. Sakamako ya zo yadda Alƙali ya faɗa. Aka kankare fentin Maame, aka kai shi gonar Agya. Ranar da aka sare ta yana tsaye har bishiya ta ƙarshe, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba, kuma shi da kansa ya hana a ɓoye sauran. Cutar ta riga ta tsallaka iyaka zuwa gonar maƙwabcinsa Opanyin Sarfo, aka sare masa layi biyu. Ko da Agya ya yi magana tun farko da layukan nan sun tsira? Ba wanda ya sani. Sarfo ya shekara bai amsa gaisuwarsa ba, Agya kuma bai fasa gaishe shi ba, har ranar da ya amsa da "Mun tashi lafiya" a daƙile, yana kallon wani wuri.

Akwai masu cewa mutumin da ya yi shiru wata uku bai cancanci yabo ba. Maganarsu abin dubawa ce. Sai dai wanda bai taɓa riƙe irin wannan ganye a hannu ba bai san nauyin wata ukun nan ba. Shirun ne ya nuna abin da gonar take a zuciyarsa, don haka shi ne ma'aunin abin da ya bayar ranar Juma'a. Mu duka gilashi guda ne, mukan ƙara ja a ganyen wani, mu rage a namu. Kai ne, Agya, ka zama gilashi na biyu ga kanka. Ka makara, amma ka iso kafin inji.

Makon jiya ya rufe shagon bakin tasha. Hannu ya soma rawa, irin wannan hoto kuwa ba ya yafe rawar hannu. An taru a rumfar awo. Maame Afrakoma ta zo da kwandon ƙwallayen koko jajaye da rawaya daga bishiyoyin da har yanzu ake ganin tabon fenti a jikinsu, ta dire a gabansa. Ya buɗe gwangwani, ya miƙa wa Ofisa Tandoh Alƙali da Bututu.

"Riƙe. Amma fara da gashin bakinka kullum."

Ofisa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Mai Mafarki fa, Agya?"

"Wannan nawa ne. Yanzu ba gonar da za a sare saboda abin da na gani. Ku bar ni da bakan gizona."

Mun gode, Agya Darkwa, mai durƙusa wa abin da kowa ke takawa. Mun gode da safiya dubu goma sha ɗaya, mun gode da Juma'a ɗaya. Duk mai riƙe da abin da ake yanke wa mutane hukunci da shi, ko sikeli, ko alƙalami, ko ido kawai, ya gwada shi a gonarsa tukuna.

In ka bi ta bakin rafi gobe da sassafe za ka same shi. Sababbin koko sun kai ƙirji, ayaba na yi musu inuwa, 'ya'yan yayarsa ne za su ci amfaninsu. Yana durƙushe gaban wani ganye, Mai Mafarki a bakin kyamara, ɗigon raɓa na rawa, hannunsa na rawa. Ka taka a hankali.