Baba Isikeli, Injiniyan da Ya Yi Wata Guda Yana Guje Mini

Ƙarfe shida na safe, duk wanda ya bi hanyar kasuwar garinmu Labasa zai ga Baba Isikeli a kan tsohon kekensa, hular kwano a ka, 'yar guduma a soke a ƙugu. Ba ya wuce gada sai ya sauka ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne kamar mai sayen kankana. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka a sashen ayyuka na garinmu, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Direbobin motocin rake suna masa dariya, amma a kan gadojinsa suke wucewa da lodi, su koma wa iyalinsu lafiya. Ni kuwa abin da na yi masa ya wuce dariya, shi ya sa na ce sai na faɗa a gaban jama'a.

'Yata Litiana ta gama karatun injiniya, ta yi shekara huɗu a ƙarƙashinsa. Ni na ɗauka an gama. Ashe akwai wata jarrabawa a Suva, babban birnin ƙasarmu, sai an ci ta ake ba mutum lasisin sa hannu a kan aiki da sunansa. Kafin ma a bar ka ka zauna, sai ka tura takardun makaranta, da littafin ayyukan da ka yi, da sa hannun babban injiniya mai shaidar ya gani da idonsa. Ƙarshen Oktoba ake rufe karɓa. Wanda ya makara, sai baɗi.

Litiana ta kai masa nata a watan Agusta. Ya karanta, ya dubi takalminta, ya miƙo mata abinta. Ya ce zane ta iya, lissafi ta fi shi, amma inda aka tambaya ko ta taɓa tsayawa a kan gini da kanta, shi bai taɓa ganin laka a ƙafarta ba, kuma ba ya shaidar abin da bai gani ba.

Ta dawo gida da kuka. Na ce ta share hawaye, akwai abin da ya fi takarda. Washegari na sayo ƙunshin saiwar yangona, wadda muke dakawa mu jiƙa a sha a zaman girmamawa, babba, irin wanda ake kai wa sarki. Kowa ya sani, in ka zauna a gaban mutum ka ajiye masa yangona da roƙonka, ya tafa hannu ya karɓa, magana ta ƙare. In ya ƙi kuwa, ya ci mutuncinka har da na kakanninka. Ta ina zai ɓulle?

Ta taga ya ɓulle. Ranar da na je ofishinsa aka ce ya fita, ga shayinsa yana tururi a kan tebur, labule yana kaɗawa. Na je gida, matarsa Akanisi ta ce ya tafi kamun kifi, mutumin da ko kwale-kwalen da ke ɗaure a bakin ruwa ya shiga sai ya yi amai. Ranar Lahadi a coci, wanda ya shekara ashirin a benci na biyu sai ga shi a cikin mawaƙa, da muryar nan tasa kamar injin niƙa, kafin a ce amin ta ƙarshe ya bi ta ƙofar baya. Ubangiji ya yafe mini, wa'azin ranar ban ji komai ba, ƙofa nake gadi.

Sai bayan wata guda na ritsa shi, a ƙarƙashin wata ƙaramar gada a hanyar gonakin rake, ruwa har gwiwa. Na shimfiɗa tabarmata a bakin rafi.

"Isikeli, fito. Da furfurarka kana ɓuya a rami kamar ƙaguwa?"

"Maman Liti, aiki nake."

"Yaushe zai ƙare?"

"In kin tafi."

Na ce to mu zuba, na zo da abincina. Sai ya ɗan leƙo.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. In na karɓa, dole in sa hannu. Ranar da gada ta rufta da motar 'yan makaranta, sunan 'yarki za a karanta, ba naki ba, ba na yangonarki ba. Ki ba ni mako uku."

Ina shirin ba shi amsa sai na hangi wani lebura a bayansa, laka har wuya, yana sunkuyar da kai. Na san wannan ƙeyar, ni na haife ta. Ashe tun mako na farko ya damƙa mata gyaran gadar nan. Kullum takan fita da kayan ofis, ta sauya a gidan Akanisi, don ta san na gama shelanta wa matan coci cewa 'yata a ɗaki mai sanyi take aiki. Na naɗe tabarmata, na kama hanyar gida.

Sauran labarin leburori suka ba ni. Ranar zuba kankare, mota ta zo da kwaɓi ya yi ruwa kamar kunu. Litiana ta gwada, ta ce a mayar. Ɗan kwangilar, ƙato mai baƙin gilashi, ya yi ta hargowa, ya juya wajen Baba Isikeli ya ce ya yi wa yarinyarsa magana. Shi kuwa yana zaune a kan dutse yana cin rogo da kifi. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce shi ɗan kallo ne, ga mai aikin can. Mota ta koma. Da aka gama gadar ya ce ta kawo littafinta, ya sa hannu, saura kwana uku a rufe. Ta je Suva, ta zauna, ta ci.

Da na je ba Akanisi haƙuri, ta ce kada in damu, ni ce uwa ta huɗu da ta yi masa wannan farauta, sai dai na fi su naci.

Baba Isikeli, kai ne ka gwammace garin nan ya yi ta maka dariya da ka ƙi ni a gaban mutane, ko ka yi ƙarya a takarda. Ka tsare mutuncina, ka tsare hannunka, ka ba 'yata abin da zai riƙe ta bayan ba ni ba kai. Dattijo mai tsallake taga, na gode. Ubangiji ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa gwiwoyinka lafiya, don ni na san abin da na ja musu.

Ku manyan ma'aikata da ake kawo wa takarda, ku duba kafin ku sa hannu, in abu bai cika ba ku tsaya ku koyar. Mu kuma iyaye, in kun ga mutumin kirki yana gudunku, ku bar shi ya gudu. Ku je ku saya wa ɗanku takalmin shiga laka.