Likkafanin da Ya Sauko Daga Sama

Sana'ar gidanmu haƙa rijiya. Kakana ya haƙa, ubana ya haƙa, ni ma na tashi na tarar da dagi da igiyar kaba suna jirana. Ina da mata da 'ya'ya biyu lokacin da ofishin kwamandan na Filinge ya haɗa ni da wani anasara, aka ce shi zai zuba siminti, ni kuma in nuna masa inda ruwa yake kwance. Saura 'yan shekaru Faransawa su tattara nasu-ya-nasu, amma a lokacin ba wanda ya san haka.

Dogo ne siriri, wuyansa ja kamar na zakara. Mu a wurinmu duk mai jan kunne Bafaranshe ne, shi kuwa ba abin da ke ɓata masa rai irin wannan. Ya ce ƙasarsu Polan. Muka ce to, wata unguwa ce a Faransa. Sai da na lura sauran anasaru ba sa kiransa cin abinci, sannan na yarda baƙo ne har a cikin baƙi. Hausa kuwa ya kama ta da wuri, irin tamu ta Kurfayawa, har da zagin.

Abu biyu na fara sani game da shi. Na farko, ba ya shiga rijiya sai ya bi igiya da yatsunsa daga wannan bakin zuwa wancan, ko da jiya-jiya aka tuƙa ta. In na kama zan sauke shi, kullum magana ɗaya ce: in sauke shi a hankali. Na biyu, yana da akwatin ƙarfe, kuma sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke, yakan fito da wani farin yadi ya shanya a kan darni, ya zauna yana kallonsa har rana ta karkata. Yadin ba nauyi, iska kaɗan sai ya kumbura kamar yana numfashi.

Mahaifiyata ce ta warware mana zancen. Tsohuwa ce mai ido da baki, ita ke yanka wa matan unguwarmu likkafani. Ta hango yadin sau ɗaya ta ce ai wannan ba ya buƙatar tambaya, alhazai ma haka suke ajiye nasu a ƙasan akwati. Daga ranar anasaren ya samu daraja a gidanmu. Ta ce mutumin da ke tuna kabari ya fi wasu masu dogon carbi, ta kuma soma aika masa da fura.

Labarinsa a cikin rijiya na ji shi, can wajen Bonkuku, a bazarar da muka yi gaba goma sha biyu ba mu ga danshi ba. Da tsakar rana ba inda ya kai gindin rijiya sanyi, saboda haka nan muke hutawa. Sai ya jingina da bango ya ɗaga kai yana kallon ɗan farin da'irar sama, muryarsa ta yi ƙasa. Kaɗan-kaɗan yake ba ni, yau guntu, jibi guntu, ni kuma ina gyangyaɗi ina ji, har wani lokaci ban san inda maganarsa ta tsaya mafarkina ya ɗauka ba.

Ya ce a babban yaƙin nan maƙwabta biyu suka raba ƙasarsu kamar yadda ake raba goro. Samari suka gudu a ƙafa, ƙasa bayan ƙasa, har suka taru a wani tsibirin Ingilishi mai ruwan sama ba dare ba rana. A can aka kafa musu rundunarsu, ta sojan da ke dirowa daga jirgin sama da laima. Aka yi musu alkawari guda: ba za a zuba su ko'ina ba sai a ƙasarsu. Wasu za su koma gida ta teku, wasu ta tudu, su kuwa ta hanya mafi kusa, daga sama kai tsaye. Shekaru suka yi suna koyon faɗuwa, suna tsalle daga hasumiya, suna birgima a laka. Na ce masa mu a nan faɗuwa ba a koyonta, zuwa take yi da kanta. Ya yi dariya har rijiyar ta amsa.

Da mutanen babban birninsu suka tashi wa masu mamaya, sai rundunar ta ɗaure takalma tana jiran jirgi. Ba a kai su ba. Ya ce har abinci suka ƙi ci don baƙin ciki. Bayan 'yan makonni aka ɗebe su aka zuba a wata ƙasar daban, shimfiɗaɗɗiya mai yawan ruwa, a gaɓar wani kogi, alhali sojan Ingilishi da aka tura su su ceto suna ɗaya gaɓar. Jirgin fiton da aka ce yana jiransu babu shi. Suka yi ta gwada ƙetarewa a ƙananan kwale-kwalen roba, ana harbinsu. Da abin ya lalace, aka ɗora wa shugabansu laifi aka tuɓe shi. Yaƙi ya ƙare, aka sallami rundunar, ƙasarsu kuma ta faɗa hannun wasu sababbin iyayen gida da ba sa son ganin irinsu. Wannan ya zama ɗan dako, wancan ma'aikacin masana'anta, shi kuma guguwa ta yi ta juya shi har ta ajiye shi a nan ƙasarmu ta Kurfai.

Amma ba yaƙin ya fi son faɗa ba. Saukowar yake so. Ya ce tsakanin jirgi da ƙasa akwai wani ɗan lokaci da ba ka cikin kowace ƙasa, kana lilo, kana jin kukan kare daga nesa, gonaki suna tasowa su tarye ka. Ya ce a wannan lokacin ya rufe ido ya ga rufin ɗakin uwarsa. Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi giginya ba, na shekara ina mafarkin ina saukowa a kan Filinge, ina ganin rumbunanmu kamar ƙwarya a kife. Laimar kuwa a zuciyata irin ta sarakuna ce, mai sanda da geza. Ko sau ɗaya ban haɗa ta da yadin da ke kan darni ba.

Wata kaka ya zo mini da fara'a, ya ce an soma barin irinsu su koma, zai tafi Yamai neman takarda. Shekara goma sha wani abu ba ya jin ko uwarsa na da rai. Ya bar mini akwatin amana, ya hau motar gyaɗa. Na kai akwatin ɗakin tsohuwa, don nan ne gara ba ta kaiwa.

Ashe ajiyar nama na ba kura. Kwana uku da tafiyarsa na dawo daga gona na tarar ta baje yadin a tabarma tana tsaki. Wai wane irin likkafani ne wannan, baki ɗaya a karkace, ga ɗinki barkatai, ga guntayen igiyoyi na reto. In mutumin nan ya faɗi yau, haka za a naɗe shi kamar kayan jaki? Na ce amana ce. Ta ce ita ma amanar take gyarawa. Na ce ba ta san tsawonsa ba. Ta ce kullum ya zo gaishe ta sai ya buga goshi a ƙofar zaure, ta auna daga nan. Wani malami maƙwabcinmu ya leƙo ya ce siliki bai halatta ga namiji ba, ta ce ya bari sai ran da anasaren ya soma salla. Ta warware ɗinkin, ta cire igiyoyin, ta yanka shi ƙyalle uku yadda ake yi, ta turara, ta ninke. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ga ya yi kyau.

Bayan wata guda ya dawo, kuma tun daga tafiyarsa na san ba a dace ba. Ya zauna a zaure ya ce garinsu yana nan inda yake, amma an ja iyaka ta bayansa, yanzu yana cikin wata ƙasar. Wannan ofis ya ce ba nasa ba ne, wancan ya ce bai san shi ba. Ba mai takardar da zai ba shi. Sannan ya ce in kawo akwatin.

Da ya buɗe ya ga ƙyalle uku, sai ya fito da su. Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga ɗaya, yana neman igiyoyin. A nan ya gaya mini ko mene ne: rabin laimar da ya sauko da ita ne a bakin kogin nan. Ya yanke ya naɗa a cikinsa, ya rantse zai kai wa uwarsa ta shimfiɗa a teburinta, ko ba komai yadin ya sauka inda aka yi masa alkawari. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da na saba shiga ƙasa.

Tsohuwa ta fito da sandarta, ba ko alamar nadama. Ya tambaye ta don me.

Ta ce, "Ɗana, ba ka da uwa kusa, ba ka da ɗiya. Ran da Allah yay yi ikonai, wa za ya tsaya yanka maka? Na yanka tun ina da ido. Ƙasad da anka ɗebo anka gina mutum, can yaka komawa. Ƙahwahunka sun hi ka sanin hanya."

Kaji suna ta tono a tsakar gida. Can sai ya shimfiɗa babban ƙyallen a kan tabarma, ya cire takalma, ya kwanta a kai ya miƙe, idonsa a sama. Daga kai har ƙafa, da ɗan rarar ɗauri. Hawaye na gangara masa cikin kunne ya ce, "Inna, kin auna daidai."

Washegari muka koma bakin aiki. Ya bi igiya da yatsunsa kamar kullum, ya ɗaura a ƙugu, ya zauna a bakin rijiya ƙafafunsa na lilo. Ya ce, "A hankali, abokina. Wannan karon na san inda za ni sauka."

Faransawa sun tafi, shi bai tafi ba. Ya riga tsohuwa rasuwa da damina ɗaya. Liman bai yi masa salla ba, shi ma bai nema ba, amma unguwa ta fito. Gabas da gari, gindin wani gawo, ni na haƙa kabarin, ƙasar mai laushi ce ba marmara. Da muka ɗauko shi iska ta shiga bakin yadin ya ɗan kumbura, sannan ya kwanta. Ni na karɓe shi daga ciki, na sauke shi a hankali.