Ragon Suna a Gonar da Kotu Ta Hana Shiga

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokin aikina, Kirista, mai mota, wanda ya daɗe yana yi mini gorin ban taɓa kai shi garinmu ba. Suna za mu, a wani ƙauye gaba da Sandamu, inda aka haifa wa Kawu Sale jikansa na fari. A Kazaure muka tsaya shan koko. Ƙosan bana sai ka sa tabarau kafin ka gan shi, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan gero ne hagu da dama, duk ya fid da kai, har muka sauka daga kwalta.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi, ga goro, ga waina, amma babu liman. A nan aka warware mini zancen. Kawu Sale da ƙanensa Kawu Idi suna shari'a a kan gonar gado, alƙali ya ba da umarni kada ɗayansu ko wakilinsa ya taka ta sai an yanke hukunci. Liman kuma, da ya gaji da yi musu sulhu, ya kafa tasa dokar: ba ɗaurin aure, ba raɗin suna a gidajen biyu sai sun shirya. Malaman ƙauyen duk a gabansa suka yi karatu, ba mai tsallake maganarsa. Abokina ya ce su ma a tarihin coci akwai irin wannan, akan rufe wa gari guda ƙofar ibada, ba aure, ba addu'ar jana'iza, har sai mai taurin kan da ya jawo ya sauko. Na ce to yau zai ga masu taurin kai na asali.

Dariyata ta ƙare da na shiga gaida mai jego. Ta sha lalle, ta rungume ɗanta, duk wanda ya yi sallama sai ta ɗago kai, ko za a ce mata liman ya zo. Wallahi ta ba ni tausayi.

Muna cikin haka aka ce ragon suna ya tsinke. Duk gonakin da ke garin bai ga ta shiga ba sai wadda kotu ta hana. Muka same shi a tsakiyar waken da aka shuka tun kafin umarnin, yana ci kamar an gayyace shi. Kawu Sale ya tsaya a bakin iyaka da igiya. Kawu Idi ya harɗe hannu a gefe, jira yake yayansa ya ɗaga ƙafa shi kuma ya ruga kotu. Na ce bari in shiga, aka ce ɗan 'yar'uwa ai wakili ne. Abokina ya naɗe wando, Kawu Idi ya ce wanda ya zo cin wainar Sale wakilin Sale ne. Aka kaɗa kwanon dusa, rago ko kallo bai yi ba. Can sai ya juya ya nufi ɓangaren da Kawu Idi ke cewa nasa ne.

"Yaya, ka fitar da dabbarka," in ji Kawu Idi.

"In shiga ka kai ni ƙara?"

Kawu Idi ya dubi wakensa yana ƙarewa. "To mu shiga tare. Wanda ya kai ƙara ya kai kansa."

Ban taɓa ganin dattawa biyu sun daidaita ƙafa haka ba. A ciki kuwa rago ya wana su son ransa. Kawu Sale ya faɗi, hula ta yi nata wuri, ƙanensa ya ɗaga shi yana yi masa faɗan girma ya kama shi amma ya ƙi yarda. Suka fito ɗaya riƙe da ƙaho, ɗaya na turawa ta baya, suna haki, suna zagin ragon da baki ɗaya.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu, liman har ya zauna a tabarma. Bai tambayi gona ba. Ya ce shi dama bai hana su shari'a ba, gaba ya hana. Aka raɗa wa yaro suna Abubakar, Kawu Idi ne ya danne ƙafafun ragon wajen yanka, kuma na lura da gayya ya danne.

Mun biya ta Daura mun sha fura, muka iso Kano kafin magariba. Abin da na koyo shi ne, kotu ta raba su da gona, liman ya raba su da jama'a, amma sai da suka yi laifi tare suka tuna uwarsu ɗaya. Shari'ar tana nan, ba a janye ba. Don haka duk wanda ya karanta wannan, in ya san alƙalin, don Allah ya rufa wa kawunnaina asiri.