Wa Ke Zaune da Agali?

Da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Alhamis Mushe Ilyasu ya cika, a gidana, nan Tawa. Mu uku ke wurin: ni, da matarsa Hadiza, da limamin unguwa. Yau shekara ashirin da ɗaya ke nan. Ɗan kawuna ne, tobashina, malamin lakwal, wato makarantar boko; Mushe kuwa shi ne yadda muke kiran malamanta. Ni karatuna a aji shida ya tsaya, sauran rayuwata a kan keken ɗinki na yi ta. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, don ba na son zance a hargitse.

Da farko, an kai shi koyarwa ƙauyenmu, arewa da Afala, lokacin ni ne shugaban iyayen yara. Tsarin da muka sani shi ne jere: na ɗaya a bencin gaba, na biyu kusa da shi, haka har na ƙarshe, wanda ke zama a ƙasa bakin ƙofa. Uba na leƙawa ya san matsayin ɗansa ba sai ya tambaya ba. Bakin ƙofa kullum na 'ya'yan makiyaya ne, masu dawowa bayan an yi girbi, an riga an yi nisa da karatu.

Na biyu, Ilyasu ya rushe jeren nan cikin sati guda. Ya zaunar da yara bibbiyu, mai ƙoƙari da wanda ke baya, allo ɗaya tsakaninsu, alli a hannun na bayan. Kuma ba ya yabon mai ƙoƙari sai abokin zamansa ya karanta layinsa. Ɗana Sani, wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ba, aka haɗa shi da Agali, ɗan wani Buzu, yaron da ko Hausa bai gama ji ba balle Faransanci.

Na sami Ilyasu a gindin aduwa. Na ce, "Ɗana ka maida bawan ɗan makiyayi?"

Ya ce, "Tobashi, kai da ka gudu daga aji shida za ka koya mini aji? Ka zo ka zauna awa guda ka gani."

Ban je ba.

Na uku, na sa aka rubuta takarda cewa yana ɓata yara. Na bi gida gida na tara dangwalen yatsun iyaye, na hau mota na kai Tawa da hannuna. Aka ɗauke shi aka jefa can arewa, inda ruwan sha sai an yi tafiya, inda Hadiza ba ta iya binsa da goyo ba. Ranar da sabon malami ya kama aiki, ni na tsaya ina kiran sunaye ana sake jere. Da na kira Agali na nuna masa ƙofa, ya tashi ya bar allin a kan benci. A lokacin ya fara haɗa baƙi. Kafin bazara ta fita ya daina zuwa, ban kuma aika a neme shi ba.

Na huɗu, bayan shekara uku, lokacin na riga na dawo Tawa da zama, aka kawo mini Ilyasu, ciwon ƙirji ya cinye shi. Kwana tara ya yi a gidana bai ambaci takarda ba. A rana ta ƙarshe ya dube ni ya ce, "Tobashi, wa ke zaune da Agali?" Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi masa, a gaban liman, shi kuma ya san ƙarya ce.

Yanzu ga inda muke. Sani na da ɗiya, Nana, a aji biyu a wata lakwal cikin garin nan. Kunnenta ɗaya ba ya ji. Bara a baya ta zauna, ta gama shekara ba ta iya rubuta sunanta ba. Bana malamarsu ta zaunar da su bibbiyu, ta haɗa Nana da yarinyar da ke zuwa ta ɗaya. Wata biyu ke nan Nana na karanta mini abin da aka rubuta a buhun shinkafa.

Shekaranjiya uban waccan yarinyar ya zo shagona da takarda. Bai san Nana jikata ce ba. Ya ce, "Baba, an ce kai ka san yadda ake hidda irin waɗanga malamai. Sun haɗa mini ɗiya da wata kurma. Gyara muna zancen, ka sa hannu." Na karanta. Kusan kalmomina ne. Da na nuna wa Sani, abin da ya ce kawai, "Baba, taka ce ta dawo gida."

Da Ilyasu na raye, na san dariya zai yi mini har tari ya sarƙe shi, sannan ya tambayi a wane benci Nana take. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko hotonsa ba ni da shi. Tambayar nan kaɗai ya bar mini, kuma ba ta tsufa ba.

Ban sa hannu ba, amma hannuna ɗaya ne, takardar kuwa tana yawo. Ranar Asabar za a yi taron iyaye. In aka ɗauke malamar, Nana za ta koma baya.

Don haka ina roƙon duk uban da takardar nan ta zo wa, a wannan lakwal ko a wata: kada ka dangwala tukuna. Ka je ajin, ka zauna a bakin ƙofa, a ƙasa, awa guda cur. In ka tashi har yanzu kana son sa hannu, ka biyo ta shagona, ni zan ara maka biro.