Kafin a Rushe Majami'ar Ƙauyenmu

Shekarun baya can, ikilisiyar ƙauyenmu da ke kusa da Gidan Waya ta yanke shawarar rushe tsohuwar majami'a a gina ta bulo. Ginin ƙasa ne, kakanninmu suka yi da hannunsu, ga kaurin bango, ga sanyi ko rana ta take. Amma ta yi mana kaɗan, kuma kowace damina sai ta ci wani gefe.

Ƙanena da ke karatun zanen gine-gine ya ce sashensu a jami'a yana da ɗakin ajiye zane da hotunan tsofaffin gine-gine, da gudummawar jama'a yake tafiya. In an yarda, ɗalibai za su zo su auna su zana kafin a rushe.

Ni da ko aya aka ce in karanta sai in noƙe, sai ga ni tsaye gaban dattawa bayan sujada, ina roƙon a jira ɗaliban. Wani dattijo ya ce, "'Yata, ƙasa ce fa. Me jami'a za ta yi da ita?"

Na ce, "Baba, jikokinku za su tambaya."

Iyakar abin da ya zo bakina ke nan. Fasto ya ce a dakata sai bayan girbi.

Mu zumuntar mata muka haɗa citta muka sayar, muka biya wa ɗalibai mota, muka ciyar da su, ragowar muka aika wa ɗakin ajiyar. Inda aka sha daga shi ne hoton ranar buɗe majami'ar, wanda ɗakin ajiyar ya nema. Ɗaya ne tak, a akwatin mahaifiyata, kuma ba ta da wani hoton babanta sai shi. Ta ce ba ta bayarwa. Ban matsa ba. Ranar da aka fara rusa bango ta tsaya kallo, ta koma gida ta ɗauko shi ta miƙo mini. "Ungo. A wurina gara ce za ta ci."

Da muka kai ziyara jami'ar ni da ita, aka shimfiɗa mata zanen a tebur. Ta ɗora yatsa kan wata taga ta ce, "Nan nake zama. Ta nan na fara hango babanku."

Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Har yau in na tuna, kaina ya kan ɗan kumbura, ban ɓoye ba. Mahaifiyata ta rasu, amma tagarta tana nan a ajiye.