Babin da ya riga ɗan'uwansa

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a shago guda, wani ɗan lungu tsakanin mai ɗinki da mai sayar da magani. Teburi ɗaya ne a ciki, da fitila, da gilashin da yake maƙalawa a idon dama. Mutum ne da ba ya ƙaunar abu ya bar mazauninsa. Ko hantsakinsa ka gusar, sai ya bi ka da harara har ka mayar.

Bayan rasuwar matarsa shirun shagon ya yi masa yawa. Autarsa, wadda take aikin jinya, ta zuba masa littattafan sauraro a waya, labaran kisan kai da na 'yan leƙen asiri, ta haɗa masa da abin kunne. Da fari ya ce shirme ne. Kafin wata ya ƙare, mai ɗinki sai ya yi sallama uku kafin a amsa masa. Mai Agogo yana son labaran ne saboda kamar aikinsa suke: komai ƙanƙantar abu, da dalilin da aka sa shi a wurin.

Sai wata rana labari ya ƙi bin hanya. Direban jakada da aka binne jiya, yau ga shi yana shan shayi. An kama mai laifi tun ba a yi laifin ba. Ya sauya littafi, haka dai. Gabansa ya faɗi, domin da irin wannan mahaifinsa ya fara, yana haɗa jiya da bara, har ya kai ga tambayar 'ya'yansa su wane ne.

Bai gaya wa kowa ba. Ya shiga kiran masu agoguna ɗaya bayan ɗaya su zo su karɓi kayansu, tun bai ɓata wa wani nasa ba. Mai ɗinki ne ya tsegunta wa Auta, ta zo a fujajan da kayan aikinta a jiki.

"Baba, me ya sa za ka rufe shago?"

Ya daɗe yana juya gilashinsa a hannu. "Kan ne, Auta. Irin na kakanki. Labari ma na daina gane gabansa da bayansa."

Ta karɓi wayar ta duba. Ashe yatsansa ne ya taɓa wata alama mai kibiyoyi biyu a harɗe, wadda take sa waya ta riƙa ɗauko babi a hargitse.

"Baba, wayar ce ta rikice, ba kai ba. Sati nawa kana cikin wannan?"

"Shida," in ji shi. Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, shi da ko a makokin matarsa ba a ga hawayensa ba. Washegari ya sake kiran mutane su dawo da agogunansu, ya sha tsiya wurin mai ɗinki.

Ya ƙara shekara huɗu cur a kan teburinsa. Daga nan abin da yake tsoro ya iso da gaske, a hankali, kuma wannan karon bai lura ba. Auta ce ta rufe shagon, ta ɗauke shi zuwa gidanta.

Yanzu a kujerar bakin taga yake wuni, abin kunne a maƙale. Jefi-jefi ya cire, ya miƙa mata wayar yana tsaki.

"Duba min, yarinya. Ta sake hargitsa labarin."

Ta kan karɓa ta duba. Babobin suna nan a jere, ɗaya na bin ɗaya. Sai ta ɗan riƙe wayar, ba ta taɓa komai ba, ta mayar masa da abin kunnen.

"Na gyara, Baba. Laifin wayar ne."